Yadda za ka sake buga GTA San Andreas ba tare da ya gundure ka ba

Gem ɗin nan tun 2004 ya fito a PS2, amma wallahi har yau bai tsufa ba, kawai yawancinmu da cheat muka gama shi shi ya sa muke ganin kamar ba abin da ya rage. To wannan karon ka fara sabon save, kuma ka haƙura da HESOYAM (cheat ɗin da ke cika jini ya ba da kuɗi) gaba ɗaya, in jini ya yi ƙasa ka shiga Cluckin' Bell ka ci abinci, in kuɗi ya ƙare ka ɗau tasi ka yi haya, nan ne za ka san CJ, jarumin gem ɗin, da gaske.

Kar ka yi ta saurin gama mishan. Ɗauki motar kashe gobara ka kai mataki na 12, daga nan wuta ta daina ƙona ka, motar asibiti kuma ita ke ƙara maka jini. Akwai zanen bango 100 a birnin Los Santos, fesa su kaɗai zai kai ka lungunan da ba ka taɓa leƙawa ba.

In ba ka da PS2 akwai na waya tun 2013, amma ka nemi pad, tuƙin jirgi da taɓa sikirin wahala ce.