Kurakuran da ke sa ruwan ƙazanta ya koma cikin famfon gida a Abuja

Masu gidaje da yawa sun ɗauka ruwan famfo hanya ɗaya yake bi, daga babban bututun Hukumar Ruwa ta Abuja zuwa cikin gida. Haka ne muddin akwai ƙarfi a layin. Da zarar an ɗauke ruwa, ko bututu ya fashe a gangaren unguwa, sai layin ya koma zuƙa kamar mai shan lemo da tsinke, ya janyo duk abin da bakin bututu ke taɓawa. Ruwan da aka tace a Dam ɗin Usuma yana iya gurɓacewa a cikin gidanka, har ya shafi maƙwabta, kuma ta irin wannan hanya taifod da amai da gudawa ke samun shiga.

Kuskure mafi girma shi ne haɗa ruwan burtsatse da na hukuma a bututu ɗaya. A Kubwa da Gwarinpa da wasu unguwanni za ka ga mai gyaran famfo ya haɗa layukan biyu da mahaɗa mai baki uku, ya sa makunni a kowane gefe, ya ce wa mai gida ya riƙa rufe wannan in zai buɗe wancan. Rana ɗaya maigadi zai manta. Injin burtsatse ya fi layin hukuma ƙarfi a mafi yawan lokuta, don haka sai ya tura ruwan da ba a sa masa magani ba zuwa titi. In rijiyar tana kusa da ramin masai, abin ya ƙara muni. Gyaran shi ne a raba su kwata-kwata: kowane layi ya hau tanki da bututunsa, ya zuba daga sama, gida kuma ya sha daga ƙasan tanki.

Ko a tankin ma akwai ƙa'ida. Bakin bututun da ke zuba ruwa kada ya nutse. A bar sarari tsakaninsa da iyakar inda ruwa zai iya kaiwa in tanki ya tumbatsa, ninki biyu na faɗin bututun, kuma kada ya gaza milimita 25. Bututu mai inci 1 yana buƙatar sararin inci 2 ke nan. Wannan sarari ya fi kowane bawul (na'urar da ke buɗe ko rufe hanyar ruwa a bututu) aminci, domin ba shi da abin da zai lalace. Bututun ambaliya kuwa ya fi na shigowa faɗi, a sa masa raga saboda sauro da ƙadangaru.

Wasu kuma suna ɗaura inji kai tsaye a layin hukuma don ya janyo ruwa in ƙarfi ya ragu. Yin haka na rage matsin layin, sai duk wata tsaga a bututun da ya ratsa kwata ta fara shan ruwan kwatar. A tara ruwan a tankin ƙasa tukuna, inji ya ɗauka daga can.

Tiyo ma abin lura ne. Wanda aka bari cikin bokitin sabulu bayan wanke mota, ko cikin duro, ko tafkin kifi, da ƙaramin famfon tsarki da ya faɗa cikin masai, duk ƙofa ce. A rataye su, a kuma gajarta tiyon tsarki yadda ba zai kai cikin kwanon ba.

Sai bawul mai hana ruwa komawa, wanda masu sana'ar ke kira nan-ritan. Wurinsa bayan mita, kibiyar da ke jikinsa tana kallon gida. Mai murfi da ke lilo a ciki yana aiki a kwance, ko a tsaye in ruwa sama yake hawa. Mai sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke tura shi ya rufe, ba ya zaɓen zama. A sa abin tace ruwa kafin shi, ta gefen mita, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, kuma daga waje ba za ka gane ba. Otal, asibiti, gidan wanki da wurin wanke motoci, bawul ɗaya bai ishe su ba. Suna buƙatar na'ura mai bawul biyu da mafitar ruwa a tsakiya, a ɗora ta aƙalla santimita 30 sama da ƙasa. Kada a binne ta a ramin da ruwan damina ke cikawa, domin mafitar ce za ta nutse.

Abin da aka fi sakaci da shi gwaji ne. A biranen Amurka da dama doka ta wajabta wa mai gini ya kira ƙwararre mai lasisi ya gwada irin wannan na'ura kowace shekara, ya miƙa sakamako ga kamfanin ruwa. Mai gida a nan ya ɗora wa kansa wannan lokaci, kafin saukar damina. Gwajin ƙaramin bawul ba wuya: a bar bututun gefen gida cike da ruwa, a rufe makunnin da ke wajen mita, a kwance mahaɗar da ke tsakaninsa da bawul ɗin. Ɗan ruwan da ya rage zai zube ya tsaya. In ya ci gaba da ɗiga bayan minti biyu ko uku, bawul ɗin yana yoyo, a buɗe a wanke shi ko a canja. Babbar na'urar kuwa sai mai ma'aunin matsin ruwa, ya rubuta maka kwanan wata da abin da ma'aunin ya nuna, ka ajiye tare da takardun gida.