Yadda ake duba gwamnatin riƙon ƙwarya a gane inda ta dosa

Majalisarmu ta wurin mai shayi a Agege kusan rabinta 'yan Nijar ne: masu gadi, 'yan ga-ruwa, masu dako. Duk ranar da rediyo ya ce sojoji sun ƙwace mulki a wata ƙasa, ni ake juyowa a kalla, saboda ina nan Legas aka yi rikicin 1993 a kan idona. Kwanaki wani yaro ɗan Maraɗi ya ajiye kofinsa ya ce, "Baba, ta yaya mutum zai gane waɗannan riƙo suka zo yi ko zama?" Abin da na faɗa masa shi zan shimfiɗa a nan.

Ka fara da neman takardar da suke mulki da ita. Da an yi juyin mulki akan jingine kundin tsarin mulki, a maye gurbinsa da dokar soja ko yarjejeniyar riƙo. A cikinta za ka ga an raba gidan uku: majalisar ƙoli ko shugaban riƙo a sama, firaminista da ministoci masu aikin yau da kullum, sai wata majalisa ta naɗaɗɗu da ke tsayawa a madadin 'yan majalisar dokoki. Haka Nijar ta yi bayan an kifar da Tandja Mamadou ranar 18 ga Fabrairu 2010: Salou Djibo a kan majalisar soja, Mahamadou Danda firaminista, Marou Amadou kuma ya jagoranci majalisar tuntuɓa.

Daga nan kada babbar rigar farar hular da aka ɗora a gaba ta ɗauke maka hankali. Ka nemi wanda sojoji ke sara wa. A nan na fi daɗewa da yaron, domin mun ga abin da idonmu. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Babangida ya sauka ranar 26 ga Agusta 1993, ya bar wa Cif Ernest Shonekan, tsohon shugaban kamfanin UAC, gwamnatin riƙo. Amma a cikin ministocin an bar Janar Sani Abacha riƙe da tsaro. Mu da ke kasuwa a lokacin ba mu san wa za mu bi ba. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu sun riga sun ɗaure kaya sun tura iyali Arewa, tashar mota cike da katifu da tukwane, ga yajin aiki, ga kuɗin fetur da aka ɗaga daga kwabo 70 zuwa naira 5. Ranar 10 ga Nuwamba Mai shari'a Dolapo Akinsanya ta Babbar Kotun Legas ta ce gwamnatin ba ta bisa doka. Mako guda bayan haka, ranar 17, Shonekan ya ajiye, Abacha ya hau. Ko wata uku ba a cika ba. Wanda ya duba jerin ministocin tun ranar farko da natsuwa, da wuya wannan ya zo masa da mamaki.

Sai ka laluba layi ɗaya, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: shin an haramta wa masu riƙon tsayawa takara? Sojojin Salou Djibo sun hana kansu, aka yi zaɓen raba gardama kan sabon kundi a Oktoba 2010, Mahamadou Issoufou ya karɓi mulki ranar 7 ga Afrilu 2011. Burkina Faso ma bayan faɗuwar Blaise Compaoré a 2014 ta hana Michel Kafando da firaministansa Isaac Zida takara, kuma duk da yunƙurin juyin mulkin Janar Diendéré a Satumba 2015, an yi zaɓe a Nuwamba. A Chadi kuwa, Mahamat Déby ya karɓi wata 18 a 2021, taron ƙasa ya ƙara masa shekara biyu a Oktoba 2022 tare da buɗe masa ƙofar takara, ya tsaya a Mayu 2024 ya lashe. Mutumin da ke da niyyar shan furar, ba zai riƙe maka ƙwarya da gaskiya ba.

Kada kuma ka yarda da abin da aka rubuta kawai, ka bi ka ga ko an gina shi. Sudan ta ba ni tausayi a nan. Bayan saukar da al-Bashir a Afrilu 2019 sun tsara abin da kyau: majalisar ƙoli mai mutum 11, soja biyar, farar hula biyar, ɗaya na yardar kowa, wa'adin wata 39, soja ya shugabanci 21 na farko sannan ya miƙa wa farar hula, Abdalla Hamdok firaminista. Majalisar dokoki mai kujeru har 300 da aka yi alkawari ba a taɓa kafa ta ba. Babu mai tuhumar kowa, kuma kafin a kai ga miƙa kujerar, Janar Burhan da ke riƙe da ita ya rushe komai ranar 25 ga Oktoba 2021.

Batun lokaci mai sauƙi ne: ka nemi ranaku, ka rubuta su a bayan kalanda. Abdulsalami Abubakar ya hau a Yuni 1998, ya kafa hukumar zaɓe ta INEC, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 5 ga Disamba, na gwamnoni a Janairu, na shugaban ƙasa 27 ga Fabrairu 1999, ya miƙa mulki 29 ga Mayu. Kowace rana da ta cika takan sa ta gaba ta yi wuyar ɗagawa. Idan ka ji ana cewa "sai tsaro ya inganta" ba a ambaci wata ba, ba a naɗa hukumar zaɓe ba, to ba ka da abin riƙewa tukuna.

Yaron ya yi shiru, can ya ce to ina tasu ƙasar ta faɗa. Na tuna masa cewa a Maris 2025 an rantsar da Janar Tiani a matsayin shugaban Nijar bisa wa'adin shekara biyar wanda ana iya sauya shi, an kuma rushe jam'iyyu. Na ce, "Ɗana, kai ka yi lakwal, ka ji Faransanci. Ka nemo takardar a wayarka, ka zo da ita bayan sallar isha'i, ka karanta mana layi-layi ka fassara, mu nemi inda aka yi maganar takara."