Yadda ake zaɓen kyanwa mai dogon gashi a gari mai zafi kamar Sakkwato

Kafin ka tura wa kowa ko sisi, fara duba ɗakin da za ta zauna. Kyanwar Farisa, wadda aka fi tallatawa a Instagram da WhatsApp, gashinta hawa biyu ne, dogo a sama, mai laushi a ƙasa. Jinsin Maine Coon, ita ma mai dogon gashi, 'yar jihar Maine ce a Amurka, inda ƙanƙara ke zuba. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. In ba ka da ɗaki mai sanyi da sola ko janareto da zai riƙe fanka idan an ɗauke wuta, ka tsaya ga magen gida. Ba ƙasƙanci ba ne.

In ɗaki ya samu, sai zaɓen fuska. Masu saye sun fi rububin wadda hancinta ya lotse ciki, har kuɗinta ya fi, alhali ita ta fi wahala a wurinmu. Ƙofofin hancinta matsattsu ne, numfashi na yi mata nauyi, hawaye kuma ba ya yankewa. Nemi mai hanci a fili. Ka kuma riƙe wannan: kyanwa ba ta haki kamar kare. Duk ranar da ka ga ta buɗe baki tana haki, jiƙa mata tafin ƙafa da ciki da ruwan randa, ka garzaya wurin likita.

Na uku shi ne mai kiwon, kuma a nan ake cutar mutane. Kada ka yarda da hoto, ko a ce za a ɗoro maka ita a mota daga Kano ko Abuja. Je ka da kanka. Ce masa, “Malam, ina uwarta?” Mai sari ba ya da uwa da zai nuna, mai kiwon gaskiya kuwa har uban zai fito maka da shi. Tambayi shekarunta: 'yar kyanwa ba ta barin uwa kafin mako 12. Karɓi katin riga-kafi mai sa hannun likita, allurar farko a mako 8 ko 9, ta biyu bayan mako uku ko huɗu, sai ta haukan kare, da maganin tsutsar ciki. Sannan ka tambaya ko an gwada iyayen kan cutar ƙoda da ake kira PKD, wadda ta yi katutu a jinsin Farisa. Gado ce, in ɗaya cikin iyaye na da ita, kusan rabin 'ya'yan za su ɗauka. Hoton ciki ko gwajin ƙwayar halitta ke nuna ta. Maine Coon da wani jinsin da ake kira Ragdoll kuma ciwon zuciya suka fi gada. Wanda ya ce tana da rajista da CFA ko TICA, ƙungiyoyin da ke rajistar jinsin kyanwoyi, ya nuna takarda. Mai kiwo nagari shi ma zai yi maka tambayoyi kan gidanka, kada ka ji haushi.

Buɗa gashin ka duba fata. Duba ko akwai ƙuma. Wani zagayayyen wuri da gashi ya zube kuwa alamar makero ce, kuma yana kama yara.

Da ka karɓo ta, kai ta a duba ta cikin kwana biyu ko uku. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi.

Sauran aiki na kullum ne. Taje gashin kowace rana da mataji na ƙarfe, musamman hammata da bayan kunne inda yake cukurkuɗewa. In ya dunƙule kada ka sa almakashi, fatarta siririya ce. Da hunturu ƙura na ƙara kwantsa, sai a goge idon da auduga da ruwan ɗumi. Gargaɗi ga mutanen gida, musamman yara: farasitamol na kashe kyanwa, haka maganin ƙuman kare mai sinadarin permethrin, kuma ragowar miya mai albasa na lalata mata jini.