Yadda ake shirya gasar wasannin gidaje a makarantar sakandare a Kaduna

Gasar wasanni tsakanin gidaje, wadda ɗalibai ke kira intahaus, yini ɗaya ce, amma aikinta na mako shida ne. Yawancin rigimar da ke tashi a ranar, wato gidan Ja ya ce an cuce shi, gidan Kore ya ce alƙali ɗan gidan Shuɗi ne, tushenta abu biyu ne: filin da ba a auna daidai ba, da dokokin da ba a rubuta ba kafin a fara. Fareti da kiɗan badujala da baƙi masu manyan riguna suna da daɗin kallo, sai dai ba su ne ke lalata rana ba.

Tsayar da rana

A Kaduna zango na biyu ne lokacin gasar, kuma ba duk zangon ba. Farkon Janairu yara ba su gama dawowa ba, ga ƙurar hunturu da ke tayar wa masu asma da ciwo. Daga Maris zafi ya kankama, 'yan aji shida sun shiga jarrabawar gwaji, WAEC da JAMB na tafe. Abin da ya rage shi ne ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Sai a duba kalandar Musulunci tun kafin a buga katin gayyata: a 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, don haka a 'yan shekarun nan cikin wannan lokacin yake faɗawa. Idan haka ta faru, a mayar da gasar Nuwamba, lokacin da damina ta wuce, ƙasa ta bushe amma ba ta zama gari ba. A guji Juma'a da Lahadi, domin makarantun Kaduna na Musulmi da Kirista ne. Laraba ko Alhamis ta fi. Asabar tana kawo iyaye da yawa, tana kuma kawo 'yan kallon da ba wanda ya gayyata.

Makarantar gwamnati ta rubuta wa ofishin ilimi na shiyya tun da wuri, kuma kada a karɓi ko sisi daga hannun ɗalibi sai ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna ta amince, an rubuta a takardar bayanin taro.

Auna fili

Nan ne aikin yake. Filin gudu na ƙa'ida mita 400 ne, miƙe biyu masu mita 84.39 kowanne, da kwana biyu, wato lanƙwasa, masu nisan mita 36.50 daga tsakiya. Irin wannan sai manyan filaye kamar filin wasa na Ahmadu Bello. Makarantu ƙalilan ne ke da wurinsa, kuma kuɗin haya da na motar kwashe yara kan cinye rabin kasafi. Zagaye mai mita 200 yana shiga cikin filin ƙwallo na makaranta, kuma in an auna shi da kyau ba wanda zai yi ƙorafi. Mai layi shida, wato hanyoyin masu gudu shida, yana buƙatar wuri mai tsawon mita 93 da faɗin mita 53.

Kayan aiki: tef ɗin awo mai mita 50, turaku na ƙarfe ko ƙusa mai inci shida kamar guda 40, guduma, igiya, bokiti, da farar ƙasa. Mutum huɗu sun isa: malamin wasanni, malamin lissafi, da manyan ɗalibai biyu. A sa malamin lissafi a ciki da gangan, shi ne zai ƙi yarda da "ai ya yi kusa".

A ja igiya ta tsakiyar fili a tsawonsa, a kafa turke biyu a kanta, tsakaninsu mita 40 cif. Waɗannan turaku biyu su ne cibiyoyin kwana, duk sauran awo daga gare su yake fita. A kan kowanne a fitar da layin da ya gicciye igiyar daidai wa daida, ta hanyar awon 3, 4, 5: mita 3 a kan igiya, mita 4 a gefe, idan tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 5 to kusurwa ta tsaya. Daga nan a maƙala bakin tef a turke, a miƙe shi mita 18.90, mutum ɗaya ya riƙe ƙusa a wannan lamba ya zagaya yana zana rabin da'ira a ƙasa. A yi haka a ɗaya turken, sannan a haɗa ƙarshen kwanonin biyu da miƙaƙƙen layi. An sami layin ciki ke nan.

Dalilin 18.90 shi ne, ba wanda ke gudu a kan layi; ƙa'ida ta ɗauka mai gudu yana santimita 20 daga layin idan fili ba shi da dakali. Wato yana zagaya mita 19.10, kwana biyu sun ba da mita 120, a ƙara miƙe biyu mita 80, an sami 200. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, don haka sauran zane-zanen za su faɗa a 20.12, 21.34, 22.56, 23.78, 25.00 da 26.22. Da tef ɗin kansa za a zana kwana, ko da wayar ƙarfe. Igiyar leda tana miƙewa idan an ja ta, sai a wayi gari kwana ɗaya ya fi ɗaya faɗi da rabin mita, ba wanda ya san inda kuskuren ya shigo.

Layin gamawa a ƙarshen miƙe ake sa shi, ana gudu hannun hagu na ciki. Sai babbar magana, wato tazarar tashi. Wanda ke layi na biyu yana zagaya da'irar da ta fi ta na farko da mita 7.67, don haka a tseren zagaye ɗaya dole a matsar da shi gaba da wannan adadi. Na uku 15.33, na huɗu 23.00, na biyar 30.66, na shida 38.33. Duk waɗannan a cikin kwana suke faɗawa, kuma nan ne ake yawan yin ɓarna: sai a miƙe tef ɗin ɗoɗar daga layin gamawa zuwa gaba, alhali hanya lanƙwasasshiya ce. Awon da aka yi a miƙe yana kai yaro gaba fiye da haƙƙinsa, mai layin waje ya samu kyautar mitoci. A kwantar da tef ɗin ya bi lanƙwasar, santimita 20 daga layin hagu na mai gudu, ana dafe shi da ƙusa kowace mita ɗaya. Yana cin lokaci, kamar awa guda, amma da shi ake rufe bakin kowa.

A wannan fili mita 400 zagaye biyu ne: zagayen farko kowa a layinsa, na biyu a koma ciki. Mita 800 zagaye huɗu, mita 1500 bakwai da rabi. Tseren mita 100 ba ya shiga miƙen mita 40. A zana masa hanyarsa daban, daga kusurwar fili zuwa kusurwa, a bar aƙalla mita 15 bayan layin gamawa. Yaro mai gudu ba ya tsayawa nan take, kuma idan katanga ko kwata ce a gabansa zai rage gudu tun kafin ya iso.

Zane kuwa, kaurinsa santimita 5 ne. Toka ba ta da tsada amma iskar hunturu kan share ta kafin azahar. Farar ƙasa da aka dama da ruwa ta fi zama, musamman idan an yayyafa wa ƙasa ruwa da yamma aka zana da sassafe. Wasu na zuba baƙin mai; yana daɗewa, amma yana kashe ciyawa yana ɓata fararen kayan yara. Kafin zane a jera 'yan aji ɗaya su tsince duwatsu, kwalabe da ƙaya, domin da yawa daga cikin masu gudu ba takalmi za su yi.

Ramin tsalle da wurin jifa

Ramin dogon tsalle faɗinsa mita 2.75, tsawonsa kamar mita 7 ya ishi 'yan sakandare, a haƙa shi ya kai santimita 30 a cika da yashin kogi mai laushi, a tankaɗe shi. Yashin da ya kwana ana taka shi yana taurara kamar daɓe, sai an tone shi da shebur a safiyar gasa, mutum ɗaya kuma ya tsaya da manjagara yana baje shi bayan kowane tsalle. Ana auna tsalle daga bakin katakon tashi zuwa alama mafi kusa da jiki ya bari, ko da hannu ne ya dafa baya. A gaya wa yara wannan tun a wurin atisaye.

Sandunan tsallen sama maƙeran Panteka za su haɗa su da bututun ƙarfe, a huda ramuka kowace santimita 5. Idan babu katifu masu kauri, a hana tsallen da ake juya baya a faɗo a kan gadon baya. A yashi wuya ake karyawa. Jifan dalma ana yin sa cikin da'ira mai faɗin mita 2.135, nauyin kilo 5 ga manyan maza, kilo 3 ga mata. Layukan gefe biyu, idan an yi mita 10 daga tsakiyar da'ira, tsakaninsu mita 6 ne. Jifan mashi da na faifai, in fili ɗaya ne kuma jama'a sun kewaye shi, a bar su kawai, ko a yi su kwana biyu kafin ranar ba 'yan kallo.

Dokoki a rubuce

Mako uku kafin gasa shugabannin gidaje su zauna da malamin wasanni, a rubuta shafi ɗaya, kowa ya sa hannu. Maki nawa ne na ɗaya, na biyu, na uku (5, 3, 1 ya wadatar, a ninka wa gudun miƙa sanda). Fareti yana da maki ko ba shi da shi. Wasa nawa yaro ɗaya zai shiga. Uku da miƙa sanda ɗaya iyaka ce mai kyau, in ba haka ba gida zai ɗora komai a kan yaro guda har ya faɗi. Wa ke ƙaramin rukuni, wa ke babba: a bi aji, a kuma bi rajista, saboda ɗan aji huɗu mai ƙaramin jiki kan ɓuya cikin 'yan aji uku. Tashi kafin usur, a dokar duniya sau ɗaya ake korar mutum, amma ga yara a yafe na farko a kori na biyu. A rubuta cewa ƙirji ne ke cin tsere, ba kai ko hannu ko ƙafa ba. 'Yan mata su yi gudu da dogon wando da ƙaramin hijabi da aka cusa cikin riga. Mai tsawo yana harɗe ƙafa.

Alƙalan layin gamawa a nemo su daga makarantun maƙwabta. Kowane alƙali matsayi ɗaya zai kama: wannan na ɗaya kaɗai yake kallo, wancan na biyu, kowa ya je ya riƙe hannun nasa ya kai shi teburin rubutu. A tsayar da mutum ɗaya da waya daidai saitin layin yana ɗaukar bidiyo. A tseren 800 da 1500 kowane mai gudu a ba shi mai ƙirga masa zagaye, domin a ƙaramin fili na gaba kan zagayo na baya, lissafi ya rikice. Maki a rubuta su a babban allo bayan kowane wasa. Sakamakon da aka ɓoye sai yamma, ko na gaskiya ne ba a yarda da shi.

Sandar miƙawa, a yanka bututun roba santimita 30. Langa da jan igiya da tseren buhu a sa su tsakanin manyan tsere, masu gudu su huta, iyaye su yi dariya.

Lafiya da tsaro

Kafin a rubuta sunan kowane yaro a tambaye shi, a tambayi iyayensa, ko yana da sikila, asma ko farfaɗiya. Mai sikila kada a sa shi dogon gudu cikin rana, ko ya nace. A ba shi riƙon tuta ko aikin teburin maki. Ruwa a lissafa lita biyu ga kowane mai wasa. Jakar fiya wata ƙulli 20 ce, lita 10, ta mutum biyar ke nan. Masu wasa 150 jaka 30, ban da 'yan fareti da baƙi. Garin gulukos da ake zuba wa yara a tafin hannu ba ya maye gurbin ruwa. A haɗa ruwan gishiri da sukari a ajiye: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri.

A gayyaci 'yan Red Cross ko ma'aikaciyar jinya, a ba su rumfa kusa da layin gamawa, da ƙanƙara a kula, bandeji da auduga. Targaɗe ƙanƙara ake sa masa a ɗaure, ba a murza shi da man zafi. Mota ɗaya ta tsaya da direbanta a ciki, bakinta na kallon ƙofa, an riga an san inda za a nufa: Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, wanda ya fi kusa. A rubuta wa ofishin 'yan sanda na unguwa, ƙofa ɗaya a buɗe, 'yan sikawut su ja igiya tsakanin 'yan kallo da fili.

A fara ƙarfe takwas ko babban baƙo bai iso ba. Mita 1500 da 800 su fara, tun rana ba ta yi zafi ba, fareti ya jira baƙi. A tsaya sallar azahar, a gama miƙa sanda da rabon kofuna kafin la'asar, yara su kai gida da sauran rana.

Washegari kowane gida ya share ɓangarensa, ma'aji ya kai wa ƙungiyar iyaye lissafin abin da aka kashe cikin mako guda. Kafin a tuge turakun cibiya biyu, a haƙa ƙaramin rami a gurbin kowanne, a kafa guntun bututu a zuba masa siminti ya yi daidai da ƙasa. Baɗi daga nan za a maƙala tef, awon da ya ci kwana biyu ya koma na safiya ɗaya.