Yadda Ake Gane Gudu, Gidan Sauti da Yanayi a Kiɗan Schubert Mai Goge Huɗu

A watan Maris na 1824, a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, mai tsara kiɗa Franz Schubert ya tsara wani kiɗa domin makaɗa huɗu kacal: masu bayolin biyu, mai biyola ɗaya, da mai celo ɗaya. Dukkansu kayan tsirkiya ne da ake gogawa da baka kamar gogenmu, sai dai kowanne yana da tsirkiya huɗu, kuma celo ne mai babbar murya a cikinsu. A lokacin Schubert yana da shekara 27, yana fama da ciwon da ya kwantar da shi a asibiti a 1823, kuma ba a buga aikin ba sai 1831, shekara uku bayan rasuwarsa. An fi sanin kiɗan da laƙabin Mutuwa da Budurwa, lambarsa a jerin ayyukan Schubert D. 810, tsawonsa kusan minti 40 ne, an kuma raba shi kashi huɗu.

Ka fara da gudu, domin shi ne kunne yake kamawa ba tare da an koya masa ba. Kowane kashi yana da kalmar Italiyanci a kansa: na farko Allegro, wato da hanzari; na biyu Andante con moto, wato tafiyar ƙafa mai motsi; na uku Allegro molto, hanzari sosai; na huɗu Presto, gudu na gaske. Ka kunna kashi na farko, ka riƙa buga yatsa a gwiwa daidai da bugun da kake ji, ka ƙirga na daƙiƙa 15, sannan ka ninka sau huɗu, ka samu yawan bugu a minti ɗaya. Ka rubuta adadin, ka nemi wasu makaɗan daban ka sake ƙirgawa, za ka ga bai zo ɗaya ba, saboda kalmar hanya take nunawa kawai, makaɗa ne suke zaɓar takunsu.

Gidan sauti ya fi buƙatar haƙuri. Abin da ake nufi shi ne sautin da kiɗa yake fita daga gare shi, ya yi yawo, ya dawo ya huta. A jikin faifan za ka ga an rubuta D minor, ma'ana gidan shi ne sautin D, kuma tsarinsa maino ne. Schubert ya sauƙaƙa wa mai koyo, domin da wannan sautin makaɗan huɗu suke buɗewa gaba ɗaya da ƙarfi. Ka tsayar da kiɗan nan take, ka rera sautin da bakinka har ya zauna maka, sannan ka ci gaba kana lura da lokutan da aka koma masa. Bambancin maino da mejo kuwa yana rataye ne galibi a kan sauti na uku daga gida. Idan kana da manhajar fiyano a waya, ka danna D da F da A tare, sannan ka ɗaga F ɗin zuwa baƙin maɓallin da ke damansa. Na farkon, wato maino, zai zo maka da nauyi, na biyun, wato mejo, da haske, alhali ɗan taku guda ne a tsakaninsu.

Kashi na biyu ne ya cancanci ka zauna masa sosai, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin take. Gidan ya koma G maino, kuma Schubert ya ɗauko jigon ne daga wata waƙarsa ta 1817 da ya ɗora a kan baitocin marubucin waƙoƙi Bajamushe Matthias Claudius, inda budurwa take roƙon mutuwa ta ƙyale ta domin tana da sauran ƙuruciya, mutuwa kuma take lallashinta cewa ba da mugunta ta zo ba. Ka saurari takun jigon: dogo ɗaya, gajeru biyu, ana maimaitawa ba gaggawa ba tsayawa, kamar tafiyar masu rakiyar gawa. A nan kalmomin con moto suke da muhimmanci, domin makaɗan da suka ja kashin da nawa fiye da kima sukan mayar da shi kuka zalla, alhali abin da yake sanyaya jiki a cikinsa shi ne cewa takun ba ya jiran kowa. Daga nan ka ƙirga juyi biyar da aka yi wa jigon. A na farko bayolin ne yake kewayawa a sama, a na biyu celo ya karɓi waƙar, na uku ya ɓarke da sukuwa mai ƙarfi, sai na huɗu ya shiga G mejo, ka ji kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Na biyar ya mayar da duhun, amma kashin yana ƙarewa a hankali cikin mejo.

Kada ka ɗauka cewa sauri farin ciki ne, a hankali kuma baƙin ciki. Yanayi yana fitowa ne daga haɗuwar gudu da gida da ƙarfin sauti. Kashi na uku gajere ne mai fizga, yana da tsakiya mai laushi a D mejo. Na huɗu kuwa an gina shi a kan takun tarantela, rawar kudancin Italiya, wadda za ka fi jin daɗin ƙirga ta bibbiyu, kowane bugu ɗauke da ƙanana uku. Takun na rawa ne, amma da yake gidan D maino ne, abin da kunne yake ji ya fi kama da wanda ake kora. Ka kasa kunne a minti na ƙarshe, inda gudun ya ƙaru zuwa Prestissimo, wato matuƙar gudu, kiɗan ya leƙa D mejo kamar zai ƙare da nasara, sannan ya juya ya rufe a D maino, gidan da ka rera tun farko.