Yadda ɗan kwangila zai haɗa bayanan sauyin yanayi da gwamnatin Birtaniya ke nema

Tun daga 30 ga Satumban 2021, kamfanin da ke neman kwangilar gwamnatin tsakiya ta Birtaniya wadda kuɗinta ya haura fam miliyan 5 a shekara, yawanci sai ya gabatar da shirinsa na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya kafin a kai ga duba farashinsa. Ƙa'idar tana cikin sanarwa mai lamba PPN 06/21, wadda aka sake wa lamba zuwa PPN 006 a Fabrairun 2025 lokacin da sabuwar dokar sayen kayan gwamnati ta fara aiki. Hukumar lafiya ta NHS ta bi sahu a Afrilun 2023, bayan shekara guda kuma ta faɗaɗa abin har ya taɓo ƙananan kwangiloli.

Tambayoyi biyu ne gwamnati ke yi wa masu kawo mata kaya, kuma kamfanoni da dama suna cakuɗa su. Ta farko: hayaƙi nawa kuke fitarwa? Ta biyu: in ambaliya ko tsananin zafi ya zo, aikin da muka ba ku zai tsaya? Fom ɗin PPN na tambaya ta farko ne. Ta biyu tana shigowa ta wasu ƙofofin, za mu zo kanta. Dukkansu biyun, amsar da ba ta da takarda a bayanta ba ta daɗewa a gaban mai tantancewa.

Ku fara da shata iyaka. Kafin a taɓa kalkuleta, a yanke wane kamfani ne ake lissafa wa hayaƙi, kuma waɗanne gine-gine da motoci ne nasa. Ƙa'idar lissafi ta GHG Protocol ta ba da hanyoyi uku: abin da kuke gudanarwa da hannunku, abin da kuke da iko da kuɗinsa, ko gwargwadon hannun jarinku a ciki. Ga kamfanin da ke haya a ofis yana kuma hayar motoci, ta farko ta fi sauƙi. Ku zaɓi ɗaya, ku rubuta ta, kada ku canza ta shekara mai zuwa don lambar ta yi kyau. Takardar shirin rage hayaƙin ta zama da sunan kamfanin da ya sa hannu a neman kwangilar. Ana iya amfani da ta uwar kamfani, amma da sharuɗɗa: uwar ta mallaki kamfanin gaba ɗaya, alkawarin ya haɗa da shi, a kuma wallafa takardar a shafinsa na intanet.

Daga nan sai tara takardu na wata goma sha biyu, kuma ya fi kyau su yi daidai da shekarar kuɗin kamfanin, domin akanta ya riga ya jera su. Takardun kuɗin wuta da na iskar gas, bayanan katin shan mai, rasit na man janareta, littafin mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, takardun masu kwashe shara, kuɗin tafiye-tafiyen ma'aikata, da takardun masu jigilar kaya.

Ana raba hayaƙin kamfani rukuni uku. Rukuni na 1 shi ne abin da kuka ƙona da kanku: man motocin kamfani, gas na ɗumama gini, dizal na janareta, da iskar sanyi da ta zube daga na'ura. Rukuni na 2 shi ne wutar lantarkin da kuka saya. Lissafin ninkawa ne kawai: yawan abin da aka yi amfani da shi sau lambar juyawa, wato lambar da ke juya lita ko kilowat-awa zuwa kilon hayaƙi, wadda gwamnati ke fitarwa kowace shekara, galibi a watan Yuni. Litar dizal ɗaya ta gidan mai tana ba da kusan kilo 2.5 na hayaƙi, kilowat-awa ɗaya na gas kusan kilo 0.18, na lantarki kuma kusan kilo 0.2 a teburin 2023 da na 2024. A ce motocinku sun sha lita 40,000, wannan tan 100 ke nan. Lantarki kilowat-awa 300,000 zai ba da kusan tan 60. Ku ɗauki teburin shekarar da kuke ba da rahoto a kanta, domin lambar lantarki tana sauyawa yayin da ƙasar ke ƙara wutar iska da ta rana. Wanda ya ɗauki tsohon tebur zai iya ɗora wa kansa hayaƙin da bai fitar ba.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata lissafi a nan. Mitar gas tana ƙirga girman iska ne, takardar biya kuma tana juya shi zuwa kilowat-awa. In aka ɗauki lambar mita aka ninka da lambar kilowat-awa, amsar za ta ragu da fiye da ninki goma. Na biyu shi ne iskar sanyaya ɗaki, wadda ake yawan mantawa da ita don ba ta zuwa da takardar wata-wata. Ku buɗe littafin mai gyara, ku nemi inda ya rubuta cewa ya ƙara kilo kaza na R410A. Abin da ya ƙara shi ne abin da ya zube. Kilo ɗaya nata yana daidai da kusan tan 2 na hayaƙi, saboda haka kilo 10 da aka cika a rufin ofis tan 20 ne, wato hayaƙin lita 8,000 na dizal. Idan kuma mai gida ne ke biyan wutar ginin da kuke haya tare da wasu, ku nemi jimlar daga wurinsa, ku raba bisa faɗin filin da kuke zaune, ku rubuta cewa kiyasi ne.

Rukuni na 3 yana da kashi 15, amma biyar kawai ake nema: jigilar kayan da ke shigo muku, sharar da aikinku ke haifarwa, tafiye-tafiyen aiki, zuwa da komawar ma'aikata, da jigilar kayan da suka bar hannunku. Nan ne aikin yake da ɗan wuya. Abin da ke raba jigilar farko da ta ƙarshe shi ne wanda ya biya kuɗin mota. Tirelar da kuka yi haya ta kai wa asibiti kaya, in ku ne kuka biya, tana cikin kashi na farko, ko da yake kayan fita suka yi. Sai in mai saye ne ya biya za ta koma kashi na ƙarshe. Ana lissafa jigila da nauyi sau nisa: tan 12 da aka kai kilomita 250 ya zama tan-kilomita 3,000, sai a ninka da lambar irin motar. Ma'aikacin da ya tafi aiki da motarsa aka biya shi kuɗin mai, wannan tafiyar aiki ce ta rukuni na 3. In aka zuba ta cikin rukuni na 1 kuma aka sake ƙirga ta a nan, an yi lissafi biyu. Zuwa aiki kuma ba shi da rasit, don haka a yi wa ma'aikata gajeriyar tambaya: da me kake zuwa, nisan nawa, kwana nawa a mako. In wani kashi bai shafe ku ba, a sa sifili tare da dalili. Gurbin da aka bari fayau tamkar ba a amsa ba ne.

Shekarar farawa ita ce wadda za a riƙa auna raguwa da ita. Ku yi hattara da 2020 da 2021, lokacin da korona ta rufe ofisoshi ta tsayar da jirage. Wanda ya kafa ma'auninsa a can, a shekarun da suka biyo baya hayaƙinsa zai iya nuna ƙaruwa ko da ya yi ƙoƙari.

Tantancewar ci ko faɗuwa ce. Ba a kwatanta hayaƙinku da na abokin takara, kuma yawan tan ba ya hana kwangila, saboda haka rage lamba da gangan ba shi da riba. Abubuwan da ke kayar da kamfani na takarda ne. Babu jimlar da ta faɗi ƙarara cewa kamfanin zai kai matakin da ake kira Net Zero, wato hayaƙin da yake fitarwa bai wuce wanda ake cirewa daga iska ba, nan da 2050 a ayyukansa na Birtaniya. Babu sa hannun darakta da kwanan wata, ko hukumar gudanarwa ba ta amince ba. Takardar tana cikin kwamfutar wani ba a ɗora ta a shafin kamfani inda kowa zai gani ba. Ko kuma alkaluman sun wuce wata goma sha biyu ba tare da bayani ba. A yi amfani da fom ɗin gwamnati yadda yake, a sabunta shi cikin wata shida bayan rufe shekarar kuɗi. A ɓangaren matakai kuma, "muna kishin muhalli" ba mataki ba ne. A rubuta motoci nawa za a sauya, a wace shekara, da waɗanda za su yi aiki a wannan kwangilar kanta.

Yanzu tambaya ta biyu. Tana zuwa ne a cikin tambayoyin yadda aiki zai ci gaba in matsala ta faru, ko a fom ɗin CDP, ƙungiyar da ke tara bayanan muhalli na kamfanoni, wanda manyan masu saye ke turawa, ko ta dokar da tun Afrilun 2022 ta wajabta wa manyan kamfanonin Birtaniya bayyana haɗarin yanayi a rahotonsu na shekara. Kusan duka suna bin tsarin TCFD na 2017, wato tsarin ƙasa da ƙasa na bayyana haɗarin yanayi: wa ke da alhakin batun a kamfani, yaya yake shafar tsarin kasuwanci, yaya ake gano haɗari, da me ake auna shi.

Hanyar da ta fi amfani ita ce tebur mai layi ɗaya ga kowane wuri: sito, masana'anta, ɗakin sabar kwamfuta, tashar jirgin da kayanku ke bi. A gaban kowanne a rubuta abin da ake yi a wurin, abin da zai iya tsayar da shi, kwana nawa kwangilar za ta jure babu shi, da inda za a koma. A Ingila, taswirar hukumar muhalli tana raba ƙasa shiyya uku. Shiyya ta 3 ita ce inda yiwuwar ambaliyar kogi ta kai kashi 1 cikin 100 a shekara, ko ta teku kashi 0.5. Taswirar ambaliyar ruwan sama daban take, kuma sito na iya fita tsaf a ta farko ya faɗa a ta biyu. A duba hanyar shiga ma, domin ginin da ruwa bai taɓa ba amma tirela ba ta iya isa gare shi, a rufe yake.

Zafi ma ya shiga lissafi. Ranar 19 ga Yulin 2022 ma'auni ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke Ingila, kuma a wannan zafin na'urorin sanyaya ɗakunan sabar asibitocin Guy's da St Thomas' na Landan suka gaza, bayanan marasa lafiya suka daina buɗuwa. Ku tambayi injiniyanku digiri nawa aka ƙera na'urarku ta ɗauka, ku rubuta lambar. Sannan ku leƙa bayan wanda ke kawo muku kaya, ku ga wa ke kawo masa. Ambaliyar Tailan ta 2011 ta tsayar da masana'antun faifan ajiyar kwamfuta har farashi ya tashi a duniya, kuma ƙarancin ruwan kogin Rhine a 2018 da 2022 ya tilasta wa jiragen ruwa rage lodi. Kamfanin da ke saye a wurin dillalai uku, alhali dukansu masana'anta ɗaya suke ɗaukowa, mai kawo kaya ɗaya gare shi. Haɗarin sauyin doka kuma, kamar harajin hayaƙi ko hana sayar da wasu motoci, layi biyu ko uku sun isa in ba masana'anta ba ce.

A Amurka an so yin irin wannan. A Nuwamban 2022 aka gabatar da daftarin da zai sa 'yan kwangilar da ke karɓar sama da dala miliyan 7.5 a shekara su bayyana rukuni na 1 da na 2, masu sama da dala miliyan 50 kuma su ƙara na 3 da haɗarin yanayi. An janye shi a Janairun 2025 bai zama doka ba. A Birtaniya kuwa ƙara faɗi abin yake yi: NHS ta sanar cewa daga Afrilun 2027 za ta nemi hayaƙin kamfani na duk duniya, da rukunai ukun gaba ɗaya. Wannan na nufin fom zai bi sarƙar kaya har ƙasashen da ake sayo su. Kamfanin da ke Kano ko Legas yana sayar wa ɗan kwangilar Birtaniya kaya, abin da ya kamata ya fara ajiyewa tun yanzu shi ne littafin man janareta: lita nawa aka zuba, ranar da aka zuba, da awannin da injin ya yi, domin a wurin da wutar gwamnati ba ta tsayawa, can mafi yawan hayaƙin rukuni na 1 yake.