Yadda ake 'yar garka da yaran da ba su isa shiga lakkal ba

Nan Tawa, ki jira ɗari ya shigo, daga Nuwamba zuwa Janairu. Wanda ya fara da yara a watan Afrilu, rana za ta ƙone shukar, yaron kuma ya fita sha'awa.

Kada ki fara da albasa. Na san mu 'yan ƙasar albasar Galmi ne, amma tana cin wajen wata huɗu, ɗan shekara uku ko huɗu kuwa ba ya da wannan haƙurin. Wake za ki ba shi: ƙwayarsa na kamuwa a hannu, kuma cikin kwana huɗu ko biyar ya tsiro. Ki ɗebo na dafuwa daga kicin. Irin da ake sayarwa cikin leda, mai jan launi ɗin nan, an shafa masa magani, yaro kuwa komi baki yake kaiwa. Ki sa ido kuma kada ya cusa ƙwaya a hanci.

Ba sai kin sayi komi ba. Tsohon bido a yanke shi biyu, a huda gindin, a cika da ƙasa haɗe da busasshen kashin awaki. Kowane yaro da nasa, in ba haka ba faɗa ne. Ya tura yatsa zuwa gaɓar farko, ya jefa ƙwaya biyu, ya rufe.

Ban ruwa shi ne inda na ga yawancin uwaye suna faɗuwa. Uwa ta miƙa wa yaro buta cike, shi kuwa zuba ruwan ne daɗinsa, sai ya juye duka, ya koma ya sake cikowa. Ƙasa ta zama taɓo, iri ya ruɓe, a ce hannun yaron ne ba ya da albarka. Ba haka ba ne. Ki samo ƙaramin gwangwanin tumatir, ki huda shi da ƙusa, ki daddaka bakin don kada ya yanke shi. Gwangwani ɗaya da safe, ɗaya da la'asar, shi ke nan. Kafin ya zuba, ya taɓa ƙasar. In da laima, a bari. In ya nace, ki nuna masa gindin zogale ya je can ya zuba son ransa.

Zai tone don ya ga ko ya tsiro, saboda haka ki shuka wani bidon a gefe. Ki ɗora su inda akuya da kaji ba sa kaiwa, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. In waken ya yi ganye huɗu, sai ku gwada salati.